Jif ɗin Maharazu da Abin da Na Gani a Kent

Catford, London.

Zuwa ga Yayata, Hajiya Ummukulthum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta girmamawa da kewa mai yawa daga ƙanwarki. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da duk mutanen gida a Funtua. Na ji an ce ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida da kanta, Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya bar mana ita. Mu ma nan lafiya lau muke. Baban Affan yana ta fama da aikin asibiti, ni kuma gwiwar nan tawa tana nan yadda kika san ta, in sanyi ya shigo sai ta tuna da ni. Affan ya yi tsawo har ya wuce ni, amma har yanzu in na yi masa magana da Hausa da Turanci yake amsa mini, sai dai in abinci yake nema, nan kam Hausarsa takan fito tsaf.

Yaya, na so in kira ki a waya, sai na tuna halinmu ni da ke. Ko layi ya yanke, ko ki tare ni da cewa ai yaro ne zai daina, tun ban kai rabin magana ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, ƙanin Baban Affan da zai taho gida zai miƙa miki hannu da hannu. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ce komai. Lokacin da 'yarmu Nana Khadija ta zo karatu Bloomsbury nan London kin ce mini ni ce uwarta a nan, da maganar yaron nan Maharazu ta taso kuma kika ce in sa ido in gaya miki gaskiya, tunda iyayensa na shirin zuwa wurin Alhaji neman aurenta bayan Sallah. To na sa ido, har na kusa barin idon a cikin laka, ga kuma gaskiyar.

Ba zan ɓoye miki ba, da farko ya burge ni kamar yadda ya burge ki a waya. Yana da aikin kwamfuta mai kyau, ɗan gidan mutunci ne, in ya shigo flat ɗinmu har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Sai cutar mota ta kama shi. Duk Lahadin da ya zo cin tuwo, kafin a ɗauke kwano ya buɗe wa Baban Affan karatu. Wai motocin zamani duk kwamfuta ce aka lulluɓe da roba, shi tsohuwar jif yake nema, babba, mai shan dizal, mai shasi na ƙarfe zalla, mai giyar da ke juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, irin wadda makaniki zai gyara da guduma a tsakiyar daji. Mutumin da na tabbata ko tayar keke bai taɓa canzawa ba. Wata da watanni yana leƙe-leƙe a intanet, yau ya ce wannan injinta ya fi, gobe ya ce waccan ta fi juriya, Nana na zaune gefe tana murmushi kamar ana karanta mata waƙa. A ƙarshe ya hau jirgin ƙasa har can arewacin Ingila, ya sayo wata a hannun wani manomi. Yaya, motar nan in ba ta girmi Nana ba to sa'arta ce. Ranar da ya kawo ta nuna mana, Baban Affan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce masa tsatsa ta ci ƙasan sosai, ya fara da wannan da birki kafin komai. Maharazu ya yi dariya, ya ce tsatsar sama-sama ce, ai irin waɗannan motoci ba sa mutuwa.

Bai taɓa tsatsar ba. Abin da ido ke gani ya bi. Ya kai ta wani gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa can wajen Old Kent Road, aka ɗaga ta sama har sai an yi kamar za a hau raƙumi kafin a shiga. Aka sa mata tayoyi masu manyan haƙora, in tana tafiya a kan kwalta ƙara suke kamar injin niƙa. Aka liƙa mata wani baƙin bututu a gefen gilashi ya miƙe har rufi, wai don injin ya riƙa shaƙar iska in ta shiga kogi. A gaba ya sa wani shirgegen ƙarfe wai na kare ta daga shanu da namun daji, a London, inda ko akuya ba ka gani sai a rataye a wurin mahauci. A jikin ƙarfen kuma ga injin ja mai igiyar ƙarfe, winci suke ce masa, wai in ta kafe ta jawo kanta da kanta. Rufin kuwa kasuwa guda ce: tanti, jarkoki, shebur, wata taya, fitilu jere kamar filin ƙwallo, da tsani a baya don a hau a gaishe su. Ya manna taswirar Afirka a ƙofa. Ya ce da ita zai ratsa Sahara ya zo ɗaurin aure Funtua, mutanen gari su fito kallo.

Kafin ta ga Sahara dai, wurin ajiye motoci na kantin unguwarmu ya gagare ta, don ta fi ƙarfen ƙofar tsawo. Na tsaya da ledojina ina kallon ɗan'adam yana ja da baya, layin motoci na danna masa oda. Ga shi saboda tsufanta da hayaƙinta duk ranar da ta motsa a cikin gari sai an biya harajin hayaƙi, don haka sarkin daji a jirgin ƙarƙashin ƙasa yake zuwa aiki kamar kowa, ita kuma tana tsugune a bakin titi ta cinye wurin mota biyu, maƙwabta na kai ƙara council, wato ƙaramar hukuma. Da weekend ne kawai yake fita da ita, shi da wasu irinsa, su je gonar da aka tanada, su biya kuɗi a bar su su shiga laka. Su biya, Yaya. Ke da kika yi naƙudar Nana a bayan a-kori-kura a hanyar ƙauyen su Alhaji, ruwa na zuba, motar ta kafe, maza na turawa ke kina salati, ki gaya mini me za ki kira mutumin da Allah Ya kawo shi ƙasar da kwalta ta kai ƙofar kowane gida, shi kuma ya tattara albashinsa yana neman taɓo. Duk da haka na yi shiru. Na ce wa kaina kowa da abin da yake so, wani ƙwallo, wani tattabaru, wannan kuma laka. Wauta ba ta hana aure, da tana hanawa da gidaje da yawa ba su tsaya ba.

Asabar ɗin da ta wuce waccan ya ce ya yi booking a wata gona a Kent, can wajen London, yana so Nana ta ga abin da motar za ta iya. Na ce ba inda za ta je da shi su biyu, sai da ni. Baban Affan yana aiki ranar, don haka na ɗaura zanena na yafa gyale, aka tura ni sama na zauna a baya, Nana a gaba kusa da shi. Wurin tsohon ramin haƙar dutse ne, ga tudu ga kwari ga kududdufai, Turawa da motocinsu duk sun yi kaca-kaca da laka suna ta murna kamar ranar suna. Maharazu ya kafa kyamara a gilashi, ya ɗaura wata a goshi, yana tuƙi yana magana da mutanen da ba sa nan, wai masu bin sa a intanet. Da farko ba laifi, mun hau mun sauka, na yi ta hailala. Sai muka zo wani kududdufi a gindin gangara, ruwansa ja, ba ka ganin ƙasansa. Na lura sauran motocin ta gefen dama suke bi. Nana ta ce masa ko zai sauka ya duba zurfin tukuna, ko ya bi inda mutane ke bi. Ya ce mata don irin wannan ranar ya sa bututu, ta zauna ta sha kallo. Ya dubi kyamara ya yi wani murmushi, ya taka mai ya nufi tsakiya.

Tayoyin hagu suka faɗa wani rami da ke ɓoye a cikin ruwan. Motar da aka ɗaga sama aka kuma jibga wa kaya a ka, me kike tsammani? A hankali ta karkata, kamar tsohuwa za ta kwanta, ta tafi hagu, ɓangaren da ni da Nana muke. Na ji jarkokin rufi suna gangarawa. Ba ta kife gaba ɗaya ba, bangon ramin ya tare ta, amma ta tsaya a karkace, gilashina yana kallon laka. Sai ruwa ya fara shigowa, ba ta taga ba, ta ƙasa, ta wurin tsatsar nan da aka ce ta sama-sama ce. Ruwa mai sanyin ƙanƙara ya rufe ƙafafuna, ya hau gwiwa, ya zo cinya. Bel ɗin kujera ya shaƙe ni, nauyina duk ya koma kansa, na laluba na kasa ɓalle shi. Wallahi Yaya na yi kalmar shahada, na tuna Affan, na tuna Inna.

Yanzu ki saurara da kyau, don saboda wannan na ɗauki alƙalami. Ɓangaren direba shi ne a sama, ƙofarsa ce mafita. Maharazu ya ɓalle bel ɗinsa, ya miƙa hannu ya cire kyamarar gilashi, ya ɗauki wayarsa, ya tura ƙofa ya haye ya dira a kan tudu. Bai waiwayo ba. Bai ce Nana miƙo hannu ba, bai ce Anti kina lafiya ba. Ina jin muryarsa a waje yana ihu da Turanci a kawo agaji, tantinsa zai jiƙe, injin zai sha ruwa. Nana ce, yarinyar nan da kike cewa ko ƙadangare ta gani sai ta yi ƙara, ita ta kwance nata bel ɗin, ta tako kan kujera ta ƙetaro baya, ruwa har ƙugunta. Ta sa kafaɗa ta ɗaga ni don bel ɗin ya saki, ta ɓalle shi, tana ce mini, "Anti Shafa, ki riƙe wuyana, kar ki kalli ruwan." Ta tura ƙofar baya ta sama da ƙafa, ta turo ni, wasu Turawa biyu da suka rugo suka kama hannuwana suka jawo ni kamar buhun masara. Sannan ta fito. Gyalena da ɗankwalina da takalmi ɗaya duk suna cikin kududdufin nan har yau.

Ina zaune a kan ciyawa ina rawar sanyi, wata Baturiya ta lulluɓa mini bargon karenta, ban ma damu ba, sai ga gwanin naku ya zo. Na ɗauka zai durƙusa ya ba da haƙuri. Abin da ya fara cewa Nana shi ne me ya sa ta daki ƙofar da ƙafa, ga shi ta lanƙwasa mariƙin, kuma motsin da ta yi a ciki zai iya ƙarasa kifar da motar. Nana ta dube shi kawai, laka na ɗiga daga haɓarta. Winci kuwa da aka yi ta yi mana wa'azinsa, da aka zo amfani da shi ko tari bai yi ba, ashe tun da aka ɗaura shi bai taɓa gwada shi ba. Taraktar mai gonar ce ta zo ta fizgo sarauniyar Sahara kamar an ciro mataccen jaki daga rijiya. Mu kuwa Baturiyar nan ce ta kai mu tasha a motarta, muka hau jirgi zuwa London, ni da takalmi ɗaya da ledar kanti a ɗayar ƙafar, mutane na kawar da kai don kunya ta kama su a madadina.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsoro ne, kowa yana iya ruɗewa, duk da cewa wanda ya ruɗe ba ya tuna kyamara. Bayan kwana biyu sai ga matar wani abokin Baban Affan ta kira ni tana yi mini jaje, wai ta gan ni a bidiyo. Ashe Maharazu ya yanka hoton ya gyara, ya sa masa kiɗa, ya saka a intanet. Ya cire inda Nana ta ce ya duba zurfin ruwa. Ya cire inda ya haye ya bar mu. Abin da ya bari shi ne shi a tsaye a kan tudu yana nuna wa mutane da hannu kamar kwamandan yaƙi, sai ni ana jawo ni, kaina a buɗe, zane ya manne a jiki. Ya rubuta a ƙasa wai yadda ya ceci iyalinsa cikin natsuwa. Ni da ko a gaban ƙannen mijina ban taɓa zama ba ɗankwali ba, ga ni Hausawan London kaf suna kallon furfurata. Nana ta kira shi a gabana ta ce ya sauke. Ya ce mata ta yi haƙuri zuwa ƙarshen mako, bidiyon yana tafiya sosai, bai taɓa samun masu kallo haka ba. Ta ce to ya riƙe masu kallon, ita ta sauka daga motarsa gaba ɗaya, kar ya sake kiran ta. Ta ajiye wayar ta shiga ɗakin Affan ta rufe. Na ji kukanta, na bar ta ta yi, don ta so shi da gaske. Sai da Baban Affan ya kira shi da irin muryar da ban taɓa jin yana yi wa kowa ba sannan ya sauke bidiyon.

Jiya da la'asar ya zo gidan, sanye da farar shadda da hula, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ko hankali ya dawo. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gwiwata, ya ce abin da ya faru ƙaddara ce. Sannan ya gyara zama ya fito da abin da ya kawo shi. Wai injin ya sha ruwa ya lalace, inshorarsa kuma ba ta biyan abin da ya faru a filin wasan laka, bai ma gaya musu ya ɗaga motar ya canza mata tayoyi ba. Don haka yana so ya ce musu a kan hanyar ƙauye ce ambaliya ta rutsa da mu, in sun kira ni a matsayin wadda ke cikin motar in tabbatar musu da haka. Ya ce ni babba ce, za su yarda da maganata. Yaya, na dube shi tun daga hular har takalmi, na rasa ta inda zan fara raina shi don ko'ina ya cika. Na ce masa in sun kira ni zan gaya musu komai, har da wanda ya fara fita da abin da ya ɗauka a hannunsa. Na ce ya tashi kar shaddarsa ta yi datti a kan kafet ɗinmu. Baban Affan ya buɗe masa ƙofa ya tsaya riƙe da ita har ya fita, ko ruwa ban ba shi ba, kuma ban ji na yi rowa ba.

To kin ji. Ki sami Alhaji ki karanta masa wannan, ya aika wa mutanen Maharazu cikin mutunci cewa kar su wahalar da kansu da tafiya bayan Sallah. Iyayensa ba su yi mana laifi ba, kar a ci musu fuska, a ce yaran ne ba su daidaita ba. Na san za a zo miki da maganar gidansu da aikinsa, na san kuma shi ma zai kira ki da muryar nan tasa mai laushi. Ki tuna cewa ni na zauna a cikin ruwan. Nana tana wurina tun ranar, ta fara cin abinci, gobe za ta koma makaranta. Don Allah in kin kira ta kar ki yi mata faɗa, kar kuma ki tambaye ta ko ta tabbata. Ta tabbata. Ki sa mata albarka kawai, don kin haifi 'yar da ta shiga ruwa ta ɗauko ƙanwarki a kafaɗarta, lokacin da namijin da ke wurin yake tsaye a tudu yana kukan tanti.

Ki gaishe mini da Inna ƙwarai, amma kar ki gaya mata zancen ruwan, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Ki gaida Alhaji, da Yaya Abdul-Basit da iyalinsa, da Murja da jaririnta, Allah Ya raya. Baban Affan yana gaishe ku, Affan ma ya ce a gaida Hajiya. In mai kawo takardar zai dawo, ki haɗo ni da kuka da daddawa, da gyale ɗaya mai kauri irin na wurin matar nan ta bakin kasuwa. Allah Ya sada mu da alheri, Ya zaɓa wa 'ya'yanmu abokan zama masu waiwaye.

Taki ƙanwa har kullum,
Shafa'atu (Maman Affan)